Ƙafar Ajiyar Yaya Habu

Duk wanda ya san Yaya Habu, da ƙafar keke a gadon bayansa ya san shi. Ku da kuka taso kuka iske shi tsoho, karkatacciya kuka gani, mai tsatsa, rabin wayoyinta sun zube, rataye da igiyar kaba kamar garkuwar wanda aka koro daga yaƙi. Da ita yake zuwa masallaci, ya jingine ta gabansa ya ta da kabbara. Da ita yake zuwa gaisuwar mutuwa. Ranar ɗaurin auren uwar wasunku ma, shi ne waliyyi, babbar riga sabuwa fil, ga ƙafar keke bisa rigar. Kekensa na da ƙafa biyu, shi yana goye da ɗaya, shi ya sa mutanen Magarya suka sa masa Ƙafa-Uku. Ya kuwa amsa, har in an kira shi Habu sai ya waiga ya ga wa ake nufi.

Yau kwana arba'in da binne shi, an ci sadaka, an yi addu'a, ga ku kun baje bisa tabarma kuna ta tuna shi kuna dariya. Ku yi dariyarku. Ni da na sha wahalarsa ban yi ba. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, shi babba, ni auta, kuma tun da Allah ya halicci taurin kai bai sake zuba wa mutum ɗaya irin nasa ba. Wannan karkatacciyar da kuka sani ba ita ce ta fari ba. Ta farin sabuwa ce dal, ni na raba shi da ita, kuma ban raba shi da ita a banza ba. Ku gyara zama.

Bayan babban yaƙin Nasara ya ƙare, kaya suka fara shigowa daga Kano, sai Yaya ya sayar da jakunansa biyu, lafiyayyu, ya tafi ya dawo da keke. Ba keken gayu irin na malaman biro ba. Keken kaya ne, baƙi wuluk, mai ƙaton maɗori gaba da baya, maƙerin unguwarmu kuma ya ƙara masa ƙarfe biyu. Da shi yake kai gishiri da kanwa da goro kasuwar Dungas, ya wuce Guci, ya zagayo Yekuwa. Amma in ya ɗora kaya ba ya hawa, turawa yake yi, wai zalunci ne abu ya ɗauki kaya ya ɗauki mai kaya. In ya sauke gishiri kuma sai ya ɗauko wake. Kun ga ke nan zuwa turi, dawowa turi. Ni dai ban taɓa ganin sa bisa sirdin nan ba sai ranar salla, nan ma daga ƙofar gida zuwa bakin rijiya.

Na ce masa, "Yaya, ka sayar da jakin da ke tafiya da ƙafarsa, ka sayo wanda sai ka tura?"

Ya ce, "Kande, wannan ba ya cin dusa."

Na ce, "Ai kai kake ci masa. Dubi tuwon da ka tashi da shi."

To a wannan tafiyar ta Kano ce ya sayo ƙafa ta uku. Mai kanti ya ba shi ita naɗe cikin takarda. Ko buɗewa bai yi ba, wai kada iska ta taɓa ta. Ya kai wa baduku, aka ɗinke ta ruf cikin jar fatar akuya, aka yi mata maratayi. Bisa keke ba wuri, kaya sun cinye, sai ya goya ta. Daga ranar nan, in ka tambaye shi yaushe zai sa ta, magana ɗaya ce:

"Ajiya ba ta yau ba ce."

Mutanen Guci har gobe suna ba da labarinsa. Wata rana yana dab da kasuwarsu kututture ya farke masa taya, robar ciki kuwa dama faci ne bisa faci, har ba sauran wurin da za a liƙa wani. Wani mai gyaran keke ya duba ya ce, "Malam, wannan ta mutu. Ba ga sabuwa nan a bayanka ba? Sauko da ita."

Yaya ya ce, "In na sa ta, me zan ajiye?"

"To amfanin ajiyar me?"

"Amfaninta tana nan."

Sai ya nemi harawa ya cusa cikin tayar, ya danna da sanda, ya danna, har ta yi tauri, ya ɗaure wurin da ya farke da tsirkiyar fata, ya tura abinsa cikin kasuwa yana taƙama. Azahar ta yi, ya jingine keke ya tafi salla, da ƙafar ajiya a bayansa, ba sai na faɗa ba. Yana dawowa ya iske awaki uku sun tsinke tsirkiyar, suna ta zaro harawa ta wurin yagewar nan kamar masu cin taliya. Taya ta kwanta shame-shame. Ya cafko babbar cikinsu ta kunne har gaban sarkin kasuwa.

"Ranka ya daɗe, akuyar nan ta cinye mini iskar taya."

Aka ce sarkin kasuwa sai da ya rufe baki da hannun riga. Da ya samu numfashi ya yanke hukunci mai akuya ya ba shi damin harawa guda. Yaya ya sake cusa tayarsa, ya ɗaura sauran bisa kaya, ya dawo Magarya yana ce mini, "Kin gani ko? Da na sa sabuwar, wa zai ba ni harawa?"

Ke da ke riƙe ciki, tsaya, ba ki ji komai ba.

Akwai ranar da wani gardin kumandan, mai jar hula, ya taho da takarda daga Dungas, ƙafar kekensa ta karye a hanya. Sai ga Yaya yana turo nasa. A zamanin nan in mai jar hula ya ce kawo, ko 'yar akuyarka ce sai ka miƙa, ka haɗa da godiya. Ya ce, "Kai, sauke ƙafar nan, aikin kumandan ne."

Yaya ya ce, "Ajiya ba ta yau ba ce."

Gardi ya sa shi gaba har biro, ofishin kumandan, a ƙasa su duka biyun, kowa na turin kekensa. Labari ya iso mini ina daka, na yar da taɓarya na ruga, na ce shi ke nan, yau Yaya zai kwana gidan kaso saboda ƙarfe. Na laɓe bayan darbejiya ina leƙe. Kumandan, wani Nasara, ya fito, fuska ja kamar gauta, tafinta na gefensa. Aka tambayi Yaya dalilin da ya hana. Sai ya taka zuwa motar kumandan, ya sa yatsa bisa ƙafar nan ta biyar da ake ɗaurewa a bayan mota.

Ya ce wa tafinta, "Tambaye shi, wannan ta taɓa taka ƙasa?"

Aka ce ba ta taɓa ba.

"Tambaye shi, ya taɓa ba wani?"

Aka ce bai taɓa ba.

"To gaya masa wurinsa na koya."

Nasara ya yi dariya har hularsa ta faɗi, ya ce a sake shi. Muna hanyar gida ina faɗa, shi kuwa yana tafe yana gyara maratayi. Wai, "Kande, ke ba ki san manya ba. Mu masu ajiya mun san juna." Ji fa! Shi da kumandan!

Haka aka yi shekara goma sha ɗaya. Ƙafar baya ta keken nan ta ga duniya. Waya ta tsinke, ya ɗaura wata da ya tsinto. Taya ta yage, baduku ya ɗinke. Ta gaba ya taɓa canza mata taya, ta bayan kuwa sai lallaɓawa. Sabuwa tana goye tana shan inuwa.

Sai 'yar farina, wadda ba na faɗin sunanta, ga ta can tana sunkuyar da kai kamar ba ita ba, ta samu ciki a gidan mijinta a Dantchiao. Yadda aka saba, haihuwar fari gida ake zuwa a yi. Mun shirya za a ɗauko ta, sai haihuwa ta zo mata ba shiri, ta sauka can, namiji. To tunda ba ta zo ba, ni ce zan je, da gara. Kun san yadda ake yi: ranar jajibirin suna, bayan la'asar, matan dangin miji su taru a tsakar gida, a baje abin da uwar mai jego ta kawo, a duba shi ɗaya bayan ɗaya. In rana ta faɗi suka watse ba su gani ba, ko raƙumi goma ka kawo washegari, an riga an ce ba ka kawo ba. Yarinya kuma ita za ta zauna da wannan gorin har ta tsufa a gidan.

Uwar mijin nan kuwa, Tabawa, Allah ya jiƙanta, bakinta ya fi aska. Tun wajen biki ta ce, a kunnena, wai mutanen Magarya daɗin baki gare su, hannu kuwa sai tafi. Na haɗiye. Na ce akwai rana.

Wata huɗu ina tari. Gero buhu biyu, surfaffe, ba tsakuwa ko ɗaya. Kanwa ungurnu ta kunun mai jego. Yaji da na daka da hannuna, citta da kanumfari da masoro da kimba, in ka buɗe tulun sai ka yi atishawa uku. Daddawa. Man shanu ƙwarya guda, fari sol, na lailaye samansa kamar madubi. Sai kuma abu ɗaya nawa na kaina: takalman fata ja, aikin Damagaram, masu zanen kore a bisa, tafinsu kauri kamar masa. Ban taɓa sa su ba. Na ce da su zan taka tsakar gidan Tabawa.

Ga shi lokacin awon gyaɗa ne. Duk jakin da ke Magarya, da raƙumi, da takarkari, an ɗauke su haya suna kai buhuna wurin kamyo, manyan motocin kaya. Malam, mai gidana, ya tafi da namu. Na zaga gari kaf ban samu ko jaki gurgu ba. Ya rage saura wa? Ƙafa-Uku.

Na je na durƙusa na ce, "Yaya, don Allah ka duba ƙafar bayan nan tun yau. In ba za ta kai ba, ka sa sabuwar."

Ya buga tayar da yatsa, ya kara kunne kamar mai sayen tulu. "Wannan? Wannan sai ta kai Makka."

Muka fita da sanyin safiya. Shi yana turin keke, gero a baya, kanwa da tulun yaji da daddawa a gaba, ajiya a gadon baya. Ni ina biye da ƙwaryar man shanu a ka, an rufe da faifai, takalmana bisa faifan. Ku 'yan yanzu ba ku san wannan ba. Mu a da ba a ɓata takalmi a hanya. A ka ake ɗaukar sa, sai an hango gari a wanke ƙafa a sa.

Mun ci fiye da rabin hanya, rana ta take tsaka, sai muka zo wani gangare mai rairayi, saiwar gawo ta gitta hanya. Na ce, "Yaya, kauce." Ya ce ya shekara goma yana bin nan. Ƙafar gaba ta haye. Ta baya ta hau saiwa, sai na ji ƙas, ƙas, ƙas, kamar ana fasa gyaɗa. Keke ya zauna. Ƙafar nan ta lanƙwashe kamar faifan da ƙatuwar mace ta zauna a kai.

Na ce, "Inna lillahi! Ga Makka mun iso!"

Ya sauke kaya ƙarƙashin gawon, ya kifa keke ƙafafu sama, ya zaro sifana daga jakarsa, ya kwance notin hagu, ya kwance na dama, ya zame sarƙa, ya ciro ƙafar. Na ce alhamdu lillahi, yau dai za a sauke amarya. Ina! Sai ya shimfiɗa karkatacciyar a ƙasa ya hau kanta da ƙafa biyu yana tsalle, wai miƙe ta zai yi. Wayoyi uku suka ƙara tsinkewa, ɗaya ta wuce ta gefen kunnena fiu.

"Yaya, sauko da ta bayanka."

"Bari mu jira, ko mai raƙumi zai wuce."

"Raƙuma na wajen gyaɗa."

"To in koma Magarya wurin maƙeri, yanzu-yanzu in dawo."

"Yanzu-yanzun ka ta gobe? Yaya, dubi inuwa! Ta fara juyawa!"

"Ko kuwa mu riƙa ɗauka da ka. Mu kai buhu ɗaya can gindin kukar, mu dawo mu ɗauki ɗaya..."

"Mu isa ranar yaye ke nan."

Ya shafa fatar akuyar nan ta bayansa kamar mai lallashin jinjiri. Ya ce a hankali, "Kande, ajiya ba ta yau ba ce."

Wallahi ban san sa'ad da na dire ƙwarya ba. Na tsaya gabansa, na riƙe ƙugu. Ni da ban taɓa ɗaga wa Yaya murya ba sai a bayan idonsa. Na ce, "Yaya Habu, ranar wa kake jira? Ranar da ƙasa za ta naɗe? 'Yarka na can kwance cikin baƙin mutane, kwana shida da haihuwa, tana kallon ƙofa. In rana ta faɗi ban shiga ba, Tabawa za ta yi ta yanka ta da baki har ta yi furfura. Na haɗa ka da nonon da muka sha, ka sauke ƙafar nan."

Kun san ba a haɗa mutum da wannan ya wuce. Ya dube ni, ya dubi rana. Sai ya zare maratayin daga kafaɗa. Wallahi wurin da ƙafar ke zama a rigarsa har ya yi da'ira, launinsa daban. Ya yi bisimilla ya fi sau bakwai, ya sa wuƙa yana tsinke ɗinkin baduku ɗaya-ɗaya, wai kada fatar ta ɓaci. Ina tsaye ina tafasa. Fata ta buɗe, takarda ta buɗe. Kai! Ƙafa ta fito tana walƙiya kamar azurfa, wayoyi cif-cif, taya baƙa har da gashinta na sabunta. Sai dai ba iska.

Ya ɗauko famfo, ya tura, fus. Ya sake turawa, fus. Fatar da ke cikin famfon ta bushe. Ya waiga hagu, ya waiga dama. Kafin in ce a'a, ya ɗaga faifaina ya luma yatsa cikin man shanun gara. Tsakiya! Ba ma gefe ba!

"Yaya! Man da Tabawa za ta duba!"

"Ai ɗan kaɗan ne. Famfo ma baƙo ne."

Ina lailaye ramin da babban yatsa ina tsine wa keke da wanda ya ƙera shi, shi kuwa ya shafa wa fatar mai, ya hura, taya ta tashi tam. Ya ɗauki ƙafar da hannu biyu ya kai ta mazauninta. Ya jawo sarƙa zai ɗora. Sai na ga ya tsaya. Ya juya ƙafar. Ya sake juyawa. Ya ɗauko karkatacciyar ya kara su.

Ku da ba ku san keke ba, ƙafar baya tana da ɗan faranti mai haƙora a gefen cibiyarta, nan sarƙa ke kamawa. Ta gaba ba ta da shi. Sabuwar nan cibiyarta sumul.

Ta gaba ce.

Shekara goma sha ɗaya! Masallaci, kasuwa, makabarta, gaban kumandan! Mutum na goye da ƙafar gaba, alhali duk duniya ta san ta baya ce ke cin wuya. Ya ce wa mai kanti "ƙafar keke", aka ba shi ƙafar keke, bai duba ba.

Yaya ya zauna daɓas cikin rairayi. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, ko ranar da Baba ya rasu. Ya ce, "Mutumin Kano ya cuce ni."

Na ce, "Bai cuce ka ba. Kai ka ɗinke idonka cikin fatar akuya."

Na so in ƙara, na ga ba lokaci. Na tsuguna na dubi keken nan. Ni ban yi lakwal ba, makarantar bokon nan, ban san baƙi ba, amma kan da Allah ya ba ni ba na ɗaukar ƙwarya kaɗai ba ne. Na ce, "Yaya, sarƙar nan aikin me take yi?"

"In an taka, ita ke juya ƙafa."

"Yaushe rabonka da takawa?"

Ya sosa ƙeya.

Na ce, "Turawa kake yi. To me ruwan mai turi da haƙora? Sa ta haka nan, ta dai gangara."

Ya dube ni kamar yau ya fara gani na. Ya ce, "Dama abin da nake shirin faɗa ke nan." Ji ƙarya! Ya cire sarƙar ya jefa a jaka, ya zura ƙafar. Ta shiga. Amma cibiyar ta gaba ba ta kai ta baya faɗi ba, sai ya zama da rata hagu da dama, ƙafa tana kai-kawo ƙwal-ƙwal. Ya ce in aka ɗora gero haka, taku goma ba za ta yi ba, sai an cike ratar da abu mai kauri. Ya gwada fatar akuyar, ta yi laushi, noti na matse ta sai ta tsinke. Ya gwada ɓawon gawo, ya ruguje. Nasa takalmin na tsohuwar taya ne, duk zare, wuƙa ta ƙi ci.

Sai na ga idonsa ya sauka bisa faifai.

Na ce, "A'a."

Ya ce, "Tafinsu fatar sa ce. Ninki uku."

"Na ce a'a! Aikin Damagaram ne! Ko ƙasa ba su taɓa ba!"

Sai mutumin nan ya dube ni, ido cikin ido, ya ce, "Kande, ranar wa kike jira?"

Tir! Ka ga mugun mutum? Da maganata ya yanka ni. Na dubi inuwar gawo, ta yi tsawon mutum. Na ɗauki takalmin na miƙa masa, na juya baya don kada in gani. Ina jin wuƙa na ci, ƙirit, ƙirit, kamar a hantata. Ya yanko 'yan da'ira huɗu, ya huda su da basilla, ya zura biyu hagu biyu dama, ya ɗaura noti, ya matse da sifana har jijiyar wuyansa ta tashi. Ya kaɗa ƙafar da hannu. Ta juya shiru, ba ko girgiza.

Ya miƙo mini ɗaya takalmin, lafiyayye. "Kwantar da hankalinki, na dama kawai na taɓa. Ga na hagu na bar miki ajiya."

Na wurga masa shi. Na so ya same shi a goshi, ya wuce ta kafaɗa. Ban ko waiga inda ya faɗa ba, na ɗauki ƙwaryata na yi gaba.

Daga nan ba mu ƙara magana ba. Shi turi, ni sauri. Keken kuwa, a faɗi gaskiya, bai taɓa gangarawa da daɗi irin na ranar ba. Muna hango rumbunan Dantchiao ana kiran la'asar. Muka yi salla a bakin rijiya a gurguje, na wanke ƙafafuna tas, na gyara ɗaurin kallabi, na shiga gari ba takalmi, kaina a sama kamar 'yar sarki.

Tsakar gida cike da mata, wasu har sun fara yafa mayafi za su tafi. Daga zaure na jiyo muryar Tabawa: "Ai dama na faɗa muku, mutanen Magarya..." Sai na rangaɗa sallama.

Aka shigo da kaya. Aka kwance buhu, wata tsohuwa ta luma hannu har gwiwa tana neman tsakuwa, ba ta samu ba. Aka buɗe tulun yaji, mata bakwai suka yi atishawa tare. Aka ɗaga faifan man shanu, na tuna yatsan Yaya, amma lailayar ta ɓoye ramin. Guɗa ta tashi. Na saci kallon ƙofar ɗakin mai jego, na ga labule ya motsa, na ga ido biyu na hawaye. Na kau da kai, kun san ba a kallon 'yar fari a gaban mutane.

Tabawa ta duba sama ta duba ƙasa, ta rasa abin kushewa. Sai idonta ya sauka ga ƙafafuna.

"Ikon Allah. Uwar mai jego, a Magarya ba a sa takalmi ne?"

Na ce, "Ana sawa. Sai dai mu a gidanmu ba a zaman banza. Nawa yana waje, shi ya ɗauko miki gero."

Mata suka fita duba keke, suka ga jar fatar takalmi maƙale a cibiyar ƙafa. Dariya har da masu faɗuwa. Tabawa kanta sai da ta dafa bango. Daga ranar nan ba ta ƙara cewa mutanen Magarya komai ba, 'yar nan kuma ta zauna gidanta da daraja. Yaya ya ba maza labari a zaure, ya gyara shi yadda duk dabarar ta zama tasa. Washegari aka raɗa wa jinjiri suna Habu. Kai mai-sunan-Yaya, daina shafa gemu, kai ne. A kanka na yi asarar takalmi.

Da za mu koma, na ga ya naɗe karkatacciyar da igiyar kaba ya goya. Dama ya ɗauko ta bisa buhuna. Na ce, "Ita kuma wannan gawar ta mece ce?"

Ya ce, "Ajiya. Wannan kam na tabbata ta baya ce."

Ita kuka sani. Sarƙar kuwa bai ƙara mayar da ita ba, ya yi ta turin keken nan har gwiwa ta ƙi.

Shekaranjiya da muka shiga kwashe ɗakinsa, a ƙarƙashin buzunsa na ga wani ƙulli, ɗinke ruf cikin tsohuwar jar fatar akuya. Na gane fatar. Na sa wuƙa na tsinke. Takalmina ne, wanda na wurga masa. Ashe ya tsince shi. Ga kuma wani sabo kusa da shi, ja, da zanen kore iri ɗaya sak. Ashe ya je har Damagaram ya sa an ɗinka masa ɗan'uwa, ya kawo ya ajiye, bai taɓa ce mini komai ba. Ko yaushe yake nufin ba ni, oho. Ajiya ba ta yau ba ce.

Na jera su a ƙasa zan gwada. Duka biyun na hagu ne.

Na zauna nan bisa buzunsa, na yi dariya har na rasa inda dariya ta ƙare kuka ya fara. Ga su nan cikin adakata. In tawa ta zo, kada wanda ya ba da su, ba wanda za su yi wa.

Allah ya jiƙan Yaya Habu. Ya tura kaya duk rayuwarsa, bai taɓa ɗora wa wani nauyinsa ba, ko keke. Allah ya sauke masa abin da ya goya, ya shimfiɗa masa hanya ba rairayi ba saiwa. Ajiyar da ya aika gaba kuma, ya Ubangiji, tunda yau ce ranarta, ka sa in an buɗe ta zo daidai. Amin.